Shanun Amana

A Kazaure in ka ce Alhaji Halliru mai siminti, kowa zai nuna maka shagonsa. Amma Fulanin da ke zaune tsakanin Roni da Gwiwa ba su san wannan suna ba, su Malam Halliru mai allura suka sani. Shekarar da aka samu mulkin kai ya kama aikin yi wa shanu rigakafi, ya kuma shekara goma sha huɗu yana hawa dutse yana sauka a kan keke, da akwatin magani ɗaure a baya.

Soka allura kowa ma ya iya. Wuyar aikin ita ce makiyayi ya yarda ya fito maka da garkensa. Bafillace ba ya son a ƙirga masa shanu da baki, yana tsoron kambun baka, yana kuma tsoron jangali. Duk wanda ya shigo ruga da littafi a hannu, to a wurinsa mai haraji ne, ko da kuwa zuma ya kawo. Halliru ya gane haka tun da wuri, sai ya yi dabara. Yakan cika aljihun dama da gyaɗa, duk saniyar da ya soka wa allura ya tsaga mata kunne don shaida, sai ya mayar da ƙwaya ɗaya aljihun hagu. In ya koma ofis ya zazzage ya rubuta yawan allurar da ya yi, bai taɓa rubuta sunan mai shanu ba. Fulani sun sani sarai, har tsokanarsa suke yi wai shi kaɗai ne mai cika aljihu da gyaɗa ya wuni da yunwa.

A cikinsu babu wanda ya riƙe shi kamar Kawu Daudu, dattijon wata ruga a bayan duwatsun Roni. Aminci ya yi nisa har Halliru ya sayi karsana ya ba shi kiwo, ta hayayyafa suka zama uku.

Sai ga kuɗin man fetur sun shigo ƙasa. Abokansa da suka bar aiki suka kama kwangila, yau ka ga wannan da babur, gobe wancan ya yi rufin kwano, shi kuwa yana fama da facin taya. Ya ce kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Da sauran ƙarfinsa, ko furfura bai fara ba, ya rubuta takardar barin aiki.

Da ya je sallama, Kawu Daudu bai hana shi ba. Abu guda ya roƙa.

"Malam, wanda za a ba aikin, ka kawo shi da ƙafarka. Ya zauna a tabarmar nan, ya sha nono a ƙwaryarmu, ka ce mana naka ne. In ba haka ba yaran nan ba za su fito masa da ko maraƙi ba."

"Wannan ai ƙaramin abu ne, Kawu. Kafin ruwan shuka za ka gan mu."

Alkawari kaya ne, amma Halliru ya sauke nasa a ƙofar shago. Wannan mako motar siminti ta iso, wancan mako sai an je Kano. Sabon ma'aikacin, Muhammadu Lawal, har shago ya zo sau biyu yana neman a raka shi. Halliru ya ce masa jibi. Ko zancen gyaɗar bai yi masa ba, abin da ba zai ci minti biyar ba. Wannan shi ne ya fi ci masa rai har yau.

Muhammadu Lawal ba mugu ba ne, abin da aka koya masa a makaranta ya yi. Ya shiga ruga da littafi, ya tsaya a bakin garke yana nuni da biro yana cewa ɗaya, biyu, uku. Kafin ya dawo da magani washegari, an kora shanu cikin duwatsu. A daminar nan ciwon huhu ya shigo yankin.

Halliru ya ji labari a kasuwa, kunya ta hana shi zuwa. Kullum sai ya ce gobe.

Bayan kaka, wata ranar Juma'a, yana zaune a kan buhunan siminti sai ga Kawu Daudu ya koro shanu uku, ya rame kamar sandar hannunsa. Suka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa igiya.

"Ga amanarka, Malam. Ba ni da garken da zan sa su a ciki."

Halliru ya dubi kunnuwansu, ya ga sabuwar tsaga a kowanne. Ya tambayi yadda aka yi.

"Namu muka ɓoye," in ji dattijon. "Naka kuwa ba ni da ikon ɓoye su, dukiyar wani ce. Na ce in ma haraji ne, ni zan biya. Sai na kai wa sabon ma'aikacin su ya yi musu allurar. Su kaɗai suka tsira."

Halliru ya durƙusa a gaban jama'a, ya rantse ya bar masa su duniya da lahira. Kawu Daudu ya girgiza kai.

"Riƙe abinka. Kai ka bar aiki don ranka ya so, ni aikin ne ya bar ni. Mun dai jira ka har gero ya kai gwiwa."

Ya saɓa sandarsa ya tafi. An ce Damagaram ya koma wurin 'yarsa.

Halliru ya yi arziki, ya je Makka, ya gina bene. Shanun nan kuwa ya kasa sayarwa, ya kasa yankawa, ya ɗaure su a bayan gida yana sayo musu harawa. Matarsa Dela takan yi mita wai mai siminti me ya haɗa shi da kashin shanu. Ita ce mai wanke masa riguna, kuma har yau in ta zazzage aljihun hagu, ƙwayar gyaɗa uku take samu.