Baban Aji da Gurbin Likitan Ƙashi

Shekara goma sha ɗaya ya yi a ɗakin filasta na asibitin koyarwa, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a ƙarshen baranda, inda ake kawo masu karaya a naɗe musu hannu ko ƙafa. Gado ɗaya ne a ciki, da bokitin ruwa, da almakashi, da ƙaramin zarton lantarki na yanke filasta idan ƙashi ya haɗe. Daga likitoci har masu shara, Mai Filasta suke ce masa. Kullum zai koma gida takalmansa fari fat, har matarsa, wadda malamar firamare ce, takan ce ita fa ba ta gane ba, ma'aikacin asibiti ta aura ko magini.

Hannunsa ya iya aikin. Ɗaliban likitanci ma wurinsa ake turo su, su yi mako biyu suna koyon naɗi, kuma ba ya raga musu. Akwai wani dogon ɗalibi mai gaggawa da ya taɓa matse wa wata mata hannu har yatsunta suka fara baƙi. Mai Filasta ya yanke naɗin a gaban matar, ya ce, "Ɗan samari, hannun mutum ne wannan, ba damin itace ba. Ka bar wa kumburi wuri."

Abin da ya tashe shi daga ɗakin bai taka kara ya karya ba. Wata rana ya ɗaga hoton ƙashin wani dattijo, ya ga ƙashin bai zauna daidai ba, ya faɗa wa likitan da ke bakin aiki. Likitan ya ce, "Kai dai naɗa, naka ke nan." Ya naɗa. Bayan wata biyu dattijon ya dawo da hannu a karkace. Ba wanda ya zarge shi, amma abin ya tsaya masa a rai, ya ƙi wucewa. Yana da shekara talatin da huɗu da 'ya'ya uku ya ce wa matarsa yana son komawa makaranta.

"In za ka yi, maigida, ka yi yanzu," in ji ta. "Ban son in tsufa ina jin da na sani."

Sau biyu ya zauna jarrabawar shiga kafin ya samu. A aji ya tarar da yara 'yan shekara sha takwas, ranar farko ma wasu suka miƙe suna gaishe shi, sun ɗauka malami ne. Tun daga nan ya koma Baban Aji. An ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba wanda ya gaya masa cewa yana wahalar da hadda. Abin da yaran za su karanta sau ɗaya, shi sai ya bi sau huɗu. Ya faɗi darasin sinadarai, ya sake. Sai dai da aka zo kan ƙasusuwa, ajin duka wurinsa ya koma, domin abin da suke gani a littafi shi ya riƙe shi da hannu shekara da shekaru.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi ke neman gurbin horon ƙwarewa a fannin da yake so. Shi ba sai an tambaye shi ba, tiyatar ƙashi yake so, kuma a asibitin da ya yi aiki. Gurbi shida ne, masu nema sun haura casa'in.

Fom ɗin ne ya fara sanyaya masa jiki. An nemi makin jarrabawa, nasa tsaka-tsaki ne. An nemi binciken da mutum ya wallafa, wasu 'yan ajinsu suna da uku, shi ya rubuta "babu". Wurin ayyukan da mutum ya taɓa yi kuwa layi biyu kacal aka bari, ya rasa yadda zai cusa shekara goma sha ɗaya a ciki. Sannan ga takardun shaida uku daga manyan likitoci, kuma dole ɗaya ta fito daga shugaban sashen ƙashi. Shugaban nan kuwa ba kowa ba ne illa dogon ɗalibin nan mai gaggawa.

Mako uku yana wucewa ta ƙofar ofishin bai ƙwanƙwasa ba. Da matarsa ta ji dalili, sai da ta yi dariya ta ƙoshi.

"Yanzu faɗan da ka yi wa yaro shekara goma sha biyar da suka wuce ne zai hana ka shiga? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ya ƙi, ya ƙi, ka dai ji da kunnenka."

Washegari da hantsi ya shiga. Shugaban ya yi ƙiba, gashi ya fara barin gaban kansa, yana rubutu bai ɗago ba.

"Ranka ya daɗe, ɗalibi ne daga aji shida."

Shugaban ya ɗago, ya cire tabarau, sai ya miƙe tsaye. "Malam, kai ne? Zauna mana. Na ji an ce kana makarantar nan, na ce sai yaushe za ka leƙo." Ya yi murmushi. "Ka san har yau in na naɗa filasta sai na duba yatsu sau biyu?"

Baban Aji ya sunkuyar da kai. "A yi haƙuri, ranka ya daɗe, lokacin bakina ba linzami."

"Da ka yi shiru da matar nan ta rasa hannu."

Ya karɓi fom ɗin ya karanta a tsanake, murmushin ya ragu. "Zan rubuta maka takarda, kuma abin da na sani zan rubuta. Amma ba zan ɓoye maka ba. Ranar tantancewa, idan aka zo kanka, fita zan yi daga ɗakin, don kowa ya san tsakaninmu. Da wannan makin kuma, da wuya ka shiga cikin shida. Asibiti nawa ka zaɓa?"

"Nan kaɗai."

"Ƙara biyu. Akwai ƙananan asibitoci da ke ba da horon, ba su da suna, amma aiki ya yi musu yawa, hannu suke nema."

Bai so ba, amma ya ƙara.

Ranar ganawa da kwamiti ya sa kwat ɗin da bai saba da shi ba, ya zauna a benci cikin matasa. Sakatariyar ta fito da takarda a hannu, ta dube shi ta ce, "Baba, iyaye a waje suke jira." 'Yan ajinsu suka tuntsire da dariya, shi ma ya taya su, ya nuna mata lambarsa.

Mutum huɗu ya tarar a bayan tebur, kujerar shugaban ba kowa. Aka sa masa hoton ƙashi a allo, gwiwar hannun yaro ce. Bai yi minti ɗaya ba ya faɗi inda ta karye, da jijiyar da ake jin tsoro, da abin da za a fara dubawa kafin a taɓa yaron. Suka kalli juna. Sai aka tambaye shi yadda ake tsara bincike, da yadda ake gane ko sakamakonsa abin dogaro ne. Ya fara magana, ya ji yana kame-kame, sai ya tsaya ya ce, "Gaskiya wannan ban iya ba. Zan koya."

Wata likita mai furfura ce ta yi tambayar da yake jira. "Shekararka arba'in da biyu. Horon nan shekara shida ne, wani aikin sai an yi awa biyar a tsaye. Me ya sa za mu ba ka, mu hana wanda zai yi wa mutane aiki shekara talatin da biyar?"

"Ranki ya daɗe, ba zan ce ki hana shi ba. Ni dai in Allah ya ba ni shekara goma sha biyar ina gyara ƙashi, sun ishe ni. Tsayuwa kuwa, ɗakin da na fito ba kujera a ciki."

Ta rubuta wani abu.

Bayan wata ɗaya aka manna sunaye a allon sanarwa. Ya bi su da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi. Ba shi. Biyu daga cikin shidan yaran da ya koya wa ƙasusuwa ne, suka zo suna murna suna jin kunyarsa. Ya riƙe hannayensu ya sa musu albarka, kuma har zuciyarsa ya yi, amma a hanyar gida sai da ya wuce layinsu bai sani ba. Matarsa na ganin fuskarsa ta gane. Ta ajiye masa ruwa, ta kori yaran waje, ta zauna kusa da shi tana duba littattafan ɗalibanta.

Kwana goma sha biyu bayan haka saƙo ya zo daga asibitin da ya sa na uku. Ƙarami ne, a bakin babbar hanya inda haɗarin mota ba ya yankewa, tafiyar awa bakwai daga gida. Sun ɗauke shi.

Ya ce wa matarsa ba zai je ba, zai jira baɗi ya sake nema a nan. "Ke da aikinki, ga yara uku. Na bar miki kaya shekara shida, ba zan ƙara miki wasu shida ba."

"Wa ya kai maka ƙara?" in ji ta. "Baɗi ma yara ne za su cika bencin, kai kuma ka ƙara shekara. Ka tafi. Amma duk ƙarshen wata ina son in gan ka a gidan nan, ko da a kan gadon marasa lafiya za a turo ka."

Ya tafi. A can shi ne ƙarami a sashen, mai ba shi umarni ɗan shekara ashirin da tara ne. Aikinsa na farko a ɗakin tiyata riƙe ƙafar mara lafiya ne, awa uku yana ɗage da ita har kafaɗunsa suka mutu. Wata takwas yana riƙo da ɗinki kafin a miƙa masa wuƙa. Wani direban babbar mota ne da ya karye a ƙwauri, ya sa masa ƙarfe, babban likitan sashen yana tsaye a gefensa bai gyara masa komai ba har aka gama.

Da ya fito ya wanke hannu, ya kira matarsa. Tana cikin aji, hayaniyar yara ta cika wayar. Ya faɗa mata. Ta ce alhamdu lillahi. Sannan ta ce famfon tsakar gida ya fara yoyo, in ya zo ƙarshen wata ya duba shi.