Furen da Ya Rasa Ganye Ɗaya

Baba Kafinta ya yi shekara hamsin yana aikin katako, kuma bai taɓa rubuta sunansa a jikin abin da ya ƙera ba. Da ƙarfinsa ya ragu, babbar 'yarsa ta mayar da shi gidanta a bayan gari, har ya shekara ashirin bai taka tsohuwar unguwarsu ba.

Wata safiya ya nemi ta raka shi can a ƙafa. Suka bi lunguna, yana nuna mata inda rijiya take a da, da tsohon shagonsa, wanda yanzu wayoyi ake sayarwa a ciki. A bakin wani babban gida suka tarar da baƙi sun yi cirko-cirko, wata mata mai yi musu jagora tana bayani.

"Wannan ƙofa ta shekara ɗari uku," in ji ta. "Ba a san wanda ya sassaƙa ta ba. Ku dubi furen nan na ƙasa: ganyensa bakwai, na sauran takwas-takwas. Alama ce ta gidaje bakwai da suka kafa unguwar."

Baba Kafinta ya matsa kusa, ya ƙura wa furen ido. Shi ya yi ƙofar, da hannunsa. Yana cikin sassaƙa ganye na takwas aka rugo aka gaya masa matarsa ta haihu, hannunsa ya goce, ganyen ya ɓalle.

"Ranar da aka haife ki na ɓata furen nan," ya raɗa wa 'yarsa.

Ta dafe ƙirji. "Wato ni ma shekarata ɗari uku ke nan, Baba? Ai kuwa na riƙe jikina!"

Bai yi dariya ba. Ya yi gyaran murya zai yi magana, sai mai jagorar ta dube shi da kyau, fuskarta ta sauya. Ta jawo shi gefe.

"Na gane ka, Baba. Don Allah ka rufa mana asiri. Duk dattawan unguwar nan sun san aikinka ne."

"Sun sani? Suka yi shiru?"

"An so a rushe layin nan a yi titi. Tsufan ƙofar nan ne ya hana. Gida arba'in ne, Baba, har da namu."

Ya dubi layin: shanya a kan igiya, takalman yara a bakin ƙofofi.

Wani baƙo ya matso. "Baba, kai da ka manyanta, ko ka taɓa jin labarin wanda ya yi ta?"

Baba Kafinta ya daɗe yana shafa gurbin ganyen da babban yatsansa.

"Ko wane ne," in ji shi, "ya daɗe da barin unguwar." Ya juya ga mai jagorar. "Sai dai a riƙa shafa mata mai, 'yata. Katakon ya fara tsagewa."