Kaburetar da Na Ɓoye wa Baba

Babur ɗin Baba ya shekara huɗu a jingine a zauren gidanmu na Nguru kafin ya tashi da maganar gyara shi. Tsohon ɗan Japan ne, ja, tun ina firamare ya saye shi. Da shi yake cin kasuwannin Yusufari da Kumagannam, yana sayo fatu da ƙiraga a hannun makiyaya, har ranar da ya faɗi a rairayi ya karye a kafaɗa. Ya ce wa kowa tayar gaba ce ta zame. Waɗanda suka kawo shi gida kuwa suka ce da kututture ya yi karo, ƙato, da rana tsaka.

Idonsa ne, kowa a gidan ya sani. Yanar ido ta rufe na hagu, ta fara cin na dama. Na taɓa ganin ya yi wa buhun gero sallama a ƙofar shago, har ya tsaya jiran amsa. Amma wa zai faɗa masa? Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ya kamawa, "kai" yake ce mini. Tsakaninmu gaisuwa ce da aike. Duk zafin bakina, da na durƙusa gabansa sai in zama kurma.

Wata safiya bayan na gaishe shi ya ce, "Kai, a tashi abin can na zaure."

Na ce to.

Na tura shi wurin wani bakanike Babarbare a bayan tasha. Ya zagaya shi sau biyu, ya leƙa tanki, ya ce, "Malam, wannan gyara za a yi masa ko jana'iza?" Lokacin baburan China sun fara cika gari, masu shaguna sun daina ajiye kayan tsofaffin. Fistin da rin na cikin inji muka samu a hannun wani da nasa ya ƙone. Cen da fulogi ba su ba mu wuya ba. Tayoyi sai da na yi saƙo Kano. Ban ɓoye ba, na ji daɗin aikin. Ina tashi daga makarantar da nake koyarwa sai in zarce can, in zauna a kan benci ina goge tsatsa, babur yana dawowa hayyacinsa. Kuma duk abin da aka ɗaura, tsorona ƙaruwa yake. Ni ne nake haɗa abin da zai kashe ubana a daji.

Saura kabureta, mai shayar da injin fetur. Ta asali ta tsage, ta China kuma ta ƙi zama. Bakaniken ya ce in je Gashua, akwai wani dattijo Babade, ɗan asalin garin, da ke sayen matattun babura yana farke su. Na shiga mota ina addu'ar kada a samu. Dattijon ya zazzage wani rabin duro a gabana, ya tona, ya tona, sai ga ta. Ya hure ta, ya miƙo mini. "Ka yi sa'a, ita kaɗai ta rage. Babur ɗin wa?" Da bakina na gaya masa, har da unguwarmu. Ya ce ai ya san Baba tun zamanin cinikin fata.

Kafin mu wuce Jajimaji na gama yanke shawara. Ina isa gida na naɗe ta a tsumma, na tura ƙasan akwatina. Na ce wa Baba ba a samu ba. Na roƙi bakaniken ya rufa mini asiri. Ya ce, "Ni ba zan yi wa dattijo ƙarya ba, amma zan yi shiru."

Damina ta wuce, aka yi girbi. Duk Juma'a bayan masallaci Baba yakan ce, "Har yanzu?" In ce har yanzu, an ce sai an tambaya a Kano. Ƙarya ɗaya ce, amma sai na sake yin ta duk mako. Na daina daɗewa a wurinsa. Matata ta ce in fito in gaya masa gaskiya, na yi mata tsawa, na ce ita wa ta taɓa cewa ubanta ba ya gani?

Ranar wata Asabar na je gidan, Inna ta ce Baba ya tafi Gashua tun safe, shi kaɗai, da tsohuwar kaburetar a aljihu. Na zauna a zaure ina jiransa. Bayan la'asar ya dawo, yana laluben bango. Na karɓi sandarsa, na yi masa sannu da hanya. Ya zauna, ya sha ruwa.

"Mai shagon yana gaishe ka," ya ce. "Yana tambaya ko ta yi daidai."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na tashi na ɗauko ta, aka ɗaura washegari, bugu biyu babur ya tashi. Aka kawo shi ƙofar gida yana ƙara, maƙwabta suna ta barka. Baba ya fito, ya shafa tanki, ya saurara jim kaɗan. Sannan ya ce wa bakaniken, "Ka tafi da shi, na bar maka." Ya juya ciki.

Haushi ya kama ni. Na shiga wurin Inna ina faɗa, na ce duk abin da na yi don ransa na yi, ko so ake ya je ya mutu a rairayi?

Ta dube ni ta girgiza kai. "Kai ma dai. Mutumin da ba ya ganin bakin ƙofa, ina shi ina tuƙi? Ya fi ka sanin idonsa. So yake a gyara ka riƙa goya shi zuwa kasuwa, ya ga mutanensa. Nauyin faɗa maka yake ji."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ka ce ba a samu ba. Ni ma na yarda da kai."

Na same shi a kan buzu. Na durƙusa na ce zan ari babur, kasuwar Kumagannam mai zuwa mu tafi tare. 

"Bari," ya ce. "Kana da aiki."

Na sake yi masa maganar sau uku a shekarun da suka rage masa. Amsar ba ta canza ba.