Hoton Duván a Rukunin Addu'a

Herminda Cuéllar ta fi kowa iya cuku a ƙauyenmu, kuma ta fi kowa iya kame baki. Shekara talatin gidanta yana jikin nawa. Ni na riƙe ɗanta Duván ranar baftisma, shi ya sa muke ce wa juna komadre. Mijinta kogin Caguán ya ci shi tun yaron yana rarrafe, ya bar mata shanu bakwai, da nononsu ta rene shi.

Duván na cika shekara sha tara ya shiga kwalekwale ya tafi. Herminda ta ce mana Bogotá ya nufa, leburancin gini. Shekara ɗaya, biyu, har huɗu, ko Kirsimeti bai leƙo ba. Mu kuwa mata, bakinmu ba ya hutawa.

"Komadre, ina ɗan banzan nan naki? Ko siminti ne ya toshe masa kunne?"

"Ku ƙyale shi," in ji ta, tana matse cuku a ƙyalle. "Birni ya ɗauke shi."

"Birni ko wata mai jan baki? Ranar da na kama shi sai na tsinke masa kunne!"

Sai ta yi murmushi ta ci gaba da aikinta. Ashe aikin soja yaron ya shiga. A wajenmu kuwa mutanen daji, wato 'yan tawaye, su ne hukuma, kuma gidan da ya ba gwamnati ɗa ba ya zama a ƙauyen, kowa ya san wannan. Shi ya sa ta gwammace mu zagi ɗanta a gabanta da ta faɗi gaskiya. Ranar iyaye mata a watan Mayu, kowace ta cika Fesbuk da hotonta rungume da 'ya'ya da furanni. Ita kuma ta hau tudun bayan makaranta inda waya ke kamawa, ta saurari saƙon muryarsa sau biyu, ta goge, ta sauko. Ya sha ja mata kunne: "Mama, ba hoto, ba suna, ba inda nake." Ta bi duka, sai hoto ɗaya da ta kasa gogewa, na ranar da ya yi rantsuwa a gaban tuta, sanye da kaki, sunansa a ƙirji. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin tausayinta kawai nake ji, ina cewa haihuwa ba ta yi mata rana ba.

Mu matan coci muna da rukuni a WhatsApp, mu arba'in da biyu, na addu'a. Doña Graciliana ce shugaba, kuma tana da ƙa'ida: mai neman addu'a sai ta sa hoton mutum da cikakken sunansa. In ba haka ba, in ji ta, ta ina Uwa Maryamu za ta san wa ake nufi? Kowace ta ce Amin, sannan ta tura gaba. Sarƙa muke ce mata, kuma ba mai son a ce a hannunta ta yanke.

Wata Talata da safe aka kira Herminda daga asibitin sojoji. Duván ya taka nakiya, za a shiga da shi tiyata, likita bai yi alkawarin komai ba. Ta tsaya a kan tudu, ba ta da wanda za ta faɗa wa. Sai ta rubuta a rukuni: "Ku taya ni yi wa wani bawan Allah addu'a."

Graciliana ta amsa nan take: "Wane bawan Allah kuma? Hoto da suna, Herminda, ba yau kika shigo ba."

Ta daure har rana ta take. Sannan ta koma tudu ta sa hoton, ta rubuta Duván Andrés Cuéllar a ƙasa.

Ina shagon da ke da intanet na gani. Yaron da na riƙe a hannuna! Kuka nake, kuma ko kaɗan ban tsaya tunani ba, kaicona. Na tura wa ƙanwata a Florencia, na tura rukunin iyayen yara na makaranta, na ɗora a Fesbuk. Minti goma tsakani Herminda ta farga ta goge nata. Nawa kuwa ya riga ya yi nisa.

Da yammar nan gidanta ya cika da mata, kowace da carbinta, ana ba ta haƙuri kan zagin da aka yi wa yaron. Ban taɓa jin ta yi magana irin ta ranar ba. Ta faɗi yadda ya yi ƙiba a bariki, yadda yake kewar cukunta, har ta yi dariya tana share hawaye. Shekara huɗu take riƙe da labarin nan ita kaɗai, ranar ta samu masu ji. Na yi mata murna har cikin raina.

Ran Juma'a mutum biyu daga mutanen daji suka zo a babur, tana tatsa. Cikin ladabi suka yi magana.

"Sannu da aiki, Doña Herminda. Mun ga hoton yaron, Allah ya ba shi lafiya. Akwai kwalekwale jibi. Ki kasance a ciki."

Ɗayan ya nuna mata wayarsa. Rukunin makaranta ne, kuma sunana ne a saman hoton.

Herminda ta shiga shirin tafiya. Ta bar wa wani maƙwabci shanun, ta ɗaure kaya a buhu biyu. Matan da suka cika gidanta ran Talata, ko ɗaya ba ta fito ran Lahadi ba, duk tsoro ya rufe ƙofofi. Ni ma kada in yi ƙarya, ta taga na kalle ta tana gangara bakin kogi, buhu ɗaya a ka, ɗaya a hannu. Har yau in na tuna kunya kamar ta kashe ni.

Sai bayan wata takwas wata baƙuwar lamba ta kira ni.

"Komadre, ni ce."

"Herminda! Wayyo Allah! Yaron fa?"

"Yana nan da ransa. Ƙafa ɗaya ta tafi. Yana gaishe ki."

"Ki yafe mini, 'yar'uwa. Sarƙar ce na ga bai kamata..."

"Na sani. Addu'a kika nema masa, na yafe tuntuni."

Ta tambayi shanunta ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta. Ta ce inda take ba ta san kowa ba, ko coci ta je a baya take zama, kuma ta ajiye waya gaba ɗaya.

Na ce, "To kina ina? Faɗa mini in zo, ko kwana ɗaya ne in gan ki."

Sai ta amsa mini:

"Komadre, Allah ya sani ba ni da kowa sai ke. Amma ba zan faɗa miki ba."