Injiniya da Faifai na Uku

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, wajen ƙarfe goma na safe, ina raba wa ɗalibai takardun jarrabawa waya ta motsa a aljihuna. Yaya ce. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Auta, Injiniya ya cika." Na ajiye takardun a kan tebur na fita, ko shugaban makaranta ban yi wa sallama ba. Injiniya, Allah ne ya ba mu kai, Shi ne ya karɓi abinsa, kuma dukkanmu can muka nufa. Kwana huɗu ka yi a asibiti bayan hawan jini ya kayar da kai a bakin shagonka. Ka bar duniya kana da shekara sittin da uku.

Ba ka taɓa shiga ajin injiniyoyi ba. Mutanen unguwa ne suka sa maka sunan, kuma ka ci shi. Shagonka ɗan tsukuku ne, benci ɗaya, fanka mai fiffike biyu, rediyoyi da lasifikoki jibge har rufi, ga ƙaurin dalma da ba ya barin rigarka. In an kawo maka gyara ba ka fara ɗaukar sukundireba. Sai ka ce, "Kunna." Ka karkata kai, ka lumshe ido, can ka ce takardar lasifikar ce ta tsage, ko wata waya ta saki. A buɗe, a tarar haka ne.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da ka auri Yaya, lokacin ina gama kwalejin horar da malamai. Tun ranar farko ka fara tsokanata. Ka ce an ba ka mata an haɗa maka da gyara, kuma gyaran ya fi matar ci. Ni ma ban raga maka ba, har ranar da na wuce gona da iri. Wannan ranar ce ta sa nake rubutun nan. Amma kafin in zo kanta, ina so mutane su san ko kai wane ne.

Da mahaifiyarmu ta rasu, abin da ya rage mana na muryarta kaset ɗaya ne da aka ɗauka tana hira da ƙanwarta a tsakar gida. Wata rana rikoda ta cinye zaren, ta tattauna shi. Yaya ta zauna tana kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Ba ka ce mata ta yi haƙuri ba. Ka kwashe zaren a tafin hannunka ka tafi shago. Kwana uku kana warware shi da tsinken ashana, kana liƙa inda ya tsinke, masu gyara suna zuwa kana ce musu su dawo jibi. Da ka kawo aka kunna, muryar Inna ta fito, tare da ƙarar famfo da kukan kaji da wani yana sara itace a maƙwabta. Na ce ai da ka rage hayaniyar nan don a ji ta sosai. Ka ce, "Auta, in na cire wannan na cire gidan da take zaune a ciki. Sai ta zama murya a rataye." Ban gane ba a lokacin, na ɗauka ƙiwuya ce.

Duk wanda ya san ka ya san Taɓaɓɓu. Wasu makaɗan rok ne, kiɗan jita da ganguna mai ƙarfi, na wata ƙasa mai nisa, su huɗu, masu sunan da ba ya zama a bakinmu, sai ka raɗa musu wannan. Wani ne ya kawo maka garmaho gyara tun kana saurayi, ya bar faifai a kai, bai sake dawowa ba. Daga nan ka kamu. Ka yi shekaru kana neman sauran faya-fayansu ta hannun matafiya da masu sayar da tsofaffin kaya, har ka haɗa huɗun da suka yi kafin su watse. Ba ka jin yarensu sosai, ba ka kuma damu da shi ba. Sautin kake bi.

Duk ranar Asabar bayan la'asar muna zama a shagon, ni da kai da Tela maƙwabcinka da Direba abokinka na yarinta. Su biyun ba son kiɗan suke ba. Tela yana cewa kamar ana faɗa a shagon maƙera. Gardamarmu suke zuwa ji.

Faifai na farko akwai hoton akuya sanye da lakataya a wuya a bangonsa. A kicin ɗin gidan ɗayansu suka ɗauke shi, ganguna sun danne komai, mawaƙin kamar ya sa kai a bokiti. Kana cewa yara ne ba su san inda ake ajiye makirufo ba, amma jininsu yana tafasa. Na biyu, mai lema a bango, wani kamfani ne ya kai su babban sitidiyo. Komai tsaf, kowace jita a wurinta, kana jin kowace kalma. Shi ne nawa. Kai kuwa ka ce an yi musu wanka an sa musu kayan aro, suna tsoron su zauna kada su ɓata. Na huɗu shi kaɗai muka yarda a kansa. Gefe guda cur waƙa ɗaya ce, mawaƙin yana karanta takardar bayanin injin wanki. Mun yarda shirme ne, ko da yake kana ƙarawa da cewa ba a taɓa kama ƙasan sauti da kyau kamar a cikin shirmen nan ba.

Rigimar a kan na uku take, mai tsani a bango. Sun gudu daga sitidiyo suka shiga wani tsohon sito, makirufo ɗaya a tsakiya, keken ɗinki a madadin ganga. A waƙa ta huɗu ruwan sama ya sauko a kan kwanon rufin, suka ci gaba abinsu. Akwai inda ƙofa ta yi ƙara, akwai inda mai jita ya yi tari. Ni malamin kimiyya ne, na ce wannan aikin ganganci ne, sauti ya cakuɗe. Kai ka ce nan ne kaɗai aka ji mutane huɗu a ɗaki ɗaya suna sauraron juna. Kana iya nuna mana da yatsa inda kowannensu yake tsaye. Shekara ashirin da wani abu muna wannan, babu wanda ya gusa, babu kuma wanda ya gaji.

Sai kamfani ya sake fitar da na ukun a faifan sidi, an goge shi an tsaftace. Na samo na kawo maka da murnata. Ka saurara ka ce sun kashe shi. Sun cire ruwan saman, sun matse sautin sun ɗaga shi, komai ya zo gaban fuska kamar mai ihu. Ka ce ko a cikin barci aka kunna maka za ka bambance shi da na asali kafin a ƙirga uku. Ka yi shekaru kana maimaita wannan, har ta fara ci mini rai.

Shekara uku da suka wuce, wata Asabar, na zo da kwamfutata. Na riga na kwafe tsoho da sabo a ciki, yadda ƙarar allurar garmaho ba za ta tona asiri ba. Na ce yau za mu yi gwaji irin na makaranta. Ka juya baya, in kunna, ka faɗi wanne ne.

Ka ce, "Auta, bar wannan. Yau kaina yana ciwo."

Direba ya ce, "A'a Injiniya, yau ake yinta. Ko tsoro kake ji?"

Ka juya kujerarka ka fuskanci bango. Na kunna sau goma, ka ci huɗu. Da na tsaya nan da abin ya zo da sauƙi. Sai na kunna sabon, ka ce sabo ne. Na sake kunna shi ɗin dai, na yi kamar na canza. Ka ɗaga yatsa ka ce, "Yauwa, ga na asali. Ku ji ruwan yadda yake sauka." Babu ruwa a ciki. Tela ya yi dariya har ya zame daga benci. Direba yana buga cinya. Ni na fi kowa, ina nuna maka fuskar kwamfutar.

Ka juyo ka duba, ka yi murmushi. Ka ce, "Ka ci, Auta." Ka ɗauki tsumma ka rufe garmahon, ka ce bari ka ƙarasa gyaran wata talabijin.

Ba ka yi fushi da ni ba, ko ka yi ban gani ba. Da aka kwantar da matata a asibiti kai ka riƙa kai yara makaranta. Amma Taɓaɓɓu ba su sake tashi a shagon ba. In na tayar da zancen sai ka ce allura ta lalace. Zaman Asabar ya koma hirar ƙwallo, daga baya ya mutu. Ni kuwa na mai da labarin gwajin abin ba da dariya. Na faɗe shi a gidanka a gaban 'ya'yanka, na faɗe shi a gaban surukinka ranar da ya fara zuwa gaishe ka. Kowane lokaci kana murmushi kana cewa, "Haka aka yi."

Na ga abubuwa ban haɗa su ba. Na ga kana kallon bakin mutum in yana magana. Na ga ka fara kwance rediyo da sukundireba kafin ka ce a kunna. Na ga a mota kullum kana neman zama ta yadda mutane za su kasance a damanka. Na ce tsufa ne da rigima irin taka.

Ranar Talata da safe na je asibiti na tarar Yaya ta fita karɓo magani. Ƙarfen ƙarin ruwa da na'ura sun tare damanka, sai na ja kujera ta hagu. Idonka a buɗe yake, yana kan rufi. Ban san abin da ya taso mini da maganar ba, wataƙila ganinka a kwance ne. Na sunkuya daidai kunnenka na ce, "Injiniya, abin nan da na yi maka a shago ban kyauta ba. Ka yafe mini." Ba ka motsa ba. Na ce a raina ciwo ne ya hana ka amsawa, amma ka ji. Na tafi makaranta zuciyata sakayau.

Kwana biyu bayan an kai ka, mutane sun ragu, ina zaune da Yaya a falo na gaya mata na nemi gafararka a kan gwajin nan. Ta ce kunnenka na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama ma saura rabi. A makon da na zo da kwamfutata likita ya tabbatar maka ba zai dawo ba. Ka sa ta yi alkawari ba za ta gaya wa kowa ba, domin mai gyaran sauti in aka ce ba ya ji, ya rufe shago ke nan.

Na ce, "To Yaya, me ya sa ya yarda ya zauna?"

Ta ce, "Ya ce in ya ƙi za ka gane. Bayan nan na ce bari in gaya maka ka daina faɗar labarin, ya ce in bar ka, in ka sani ba za ka sake iya haɗa ido da shi ba."

Ina zaune nake tuna kujerar asibitin da gefen da na ajiye ta.

Ruwan da ka ce mu ji ran nan, a cikin kanka yake sauka. Ka san faifan nan har ba ka bukatar kunne. Ni da nake taƙama da awo da gwaji, na auna mutumin da ya rasa abin da ya fi so a duniya, na kuma tara masa 'yan kallo. Har gobe a wurina na biyu ya fi fita tsaf, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba, kai ma ba za ka so ba. Amma da za a dawo mini da Asabar ɗaya, da bakina a rufe zan zauna ka nuna mini inda kowannensu yake tsaye.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, wadda ta riƙe sirrinka shekara uku tana ji ina yi maka dariya a ɗakinta. Yaya, ke ma ki yafe mini. Ina miƙa ta ga 'ya'yanka biyar da jikokinka, da ƙannenka, da Tela da Direba waɗanda ni na ja su cikin abin da ba su sani ba, da duk wanda ya taɓa shigowa shagon nan da abu matacce ya fita da shi yana magana. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya albarkaci abin da ka bari.

Allah ya jiƙanka, Injiniya. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa ciwon da ka ɓoye da wanda ya kwantar da kai su zama kaffara, ya saka maka da Aljanna a kan haƙurin da ka yi da ni. Maganar da na raɗa maka a kunnen da ba ya ji, ga ta na rubuta a gaban jama'a: ban kyauta ba, ka yafe mini. Allah ya isar maka da ita. Amin.