Lallashi da Bunsurun Mayanka

Tun yana yaro ba a taɓa sa shi aikin ƙarfi ba, don babu ƙarfin. Ɗan siriri ne, ƙafafu kamar raken da aka tsotse aka yar. Amma in baƙo ya zo gidansu aka ce a kama kaza, yayyensa su yi ta zagaye tsakar gida suna karo da bokitai, shi kuwa sai ya tsuguna, ya watsa 'yar tsaba, ya yi wani ɗan sauti da leɓensa, kazar ta tako da ƙafarta har cikin hannunsa. Uwarsa ce ta fara ce masa Lallashi, sunan ya bi shi har ya yi furfura. Da wannan bakin ya auri matar da ta fi shi tsayi ta fi shi kyau, wadda har yau in an tambaye ta yadda aka yi sai ta ce ita ma binciken take yi.

A mayanka ya samu aiki, kuma bai taɓa riƙe wuƙa ba. Motoci sukan sauke tumaki a garke, daga garken zuwa ɗakin yanka kuwa akwai wani siririn lungu mai shingen ƙarfe hagu da dama. Tunkiya ba ta da wayo amma tana da hanci, da ta shaƙi jini sai ta kafe. Kafin zuwansa da sanda da jan ƙafa ake shigar da su, nama ya yi tabo, mahauta su yi ta mita. Lallashi ya ɗauki wani ɗan bunsuru da aka haifa a bayan mota uwar ta mutu, ya rene shi da madara a kwalba, ya koya masa sana'a. Bunsurun zai shiga garke yana taƙama, ya zagaya, ya nufi lungu, tumaki su biyo shi ɗuu. Dab da ɗakin yanka akwai 'yar ƙofa a jikin shingen. Lallashi zai zare sakata, bunsurun ya sulale waje, ya mayar ya rufe, na baya su zarce inda ake jiransu. Ladansa guntun burodi tsome a shayi, da susa a bayan kunne. Ma'aikata suka sa masa suna Ciyaman, wai shi ke jan jama'a kuma shi kaɗai ke fita da wuyansa.

In an tashi shan shayi, kowa zaune kan kifaffen bokiti, takalman roba na ɗiga, akwai gardamar da ba ta ƙarewa: me ya sa ɗan Adam, da ba shi da ƙaho ba shi da farcen kirki, ya hau kan kowace dabba ya zauna? Dogo mai yanka, ƙato ne da wuya kamar na bijimi, kullum cewa yake ƙarfe ne, a ba akuya wuƙa a ga in ba ta yi layi da mu ba. Tsohuwar da ke wankin tumbi ta ce ciki ne, babu abin da mutum ba ya ci, har ɗan'uwansa. Lallashi yakan bari su gaji, yana ɓallo wa Ciyaman burodi, sannan ya ce zaki ya fi mu komai, amma bai taɓa sosa wa barewa kunne ba.

"Mu kaɗai ne za mu ciyar da abu da dama, wuƙa na hagu, fuskarmu ba ta motsa ba," in ji shi. Sai ya ja gemun bunsurun, ya tambaye shi ko ba haka ba, ranka ya daɗe.

Haka suka tsufa tare, mutum da bunsuru, har gemunansu suka zama launi ɗaya. Wata safiya sakata ta ci tsatsa ta cije. Lallashi na ta kokawa da ita, tumaki suka turo daga baya, suka ingiza Ciyaman har cikin ɗakin yanka. Ya ga ƙugiyoyi, ya ga abin da ke rataye a jikinsu, ya ga Dogo jini har gwiwar hannu. An ciro shi lafiya, amma ya riga ya gani. Daga ranar sai ya zo tsakiyar lungu ya tsaya yana tunani, tumaki su tsaya a bayansa, aiki ya tsaya. Ran nan ya juya baya gaba ɗaya, garken ya watse, wani rago ya tsallake shinge ya faɗa titi, mai babur ya kwashe shi. Manaja ya sauko daga ofis ya ce bunsurun da ba ya kai tumaki, nama ne.

Lallashi ya roƙa a bar masa shi, aka ce ya je da abinsa. Ya ja shi har gidan hayar da suke, ya ɗaure a ƙarƙashin matakala. Kafin rana ta faɗi Ciyaman ya cinye ɗankwalin matar mai gida da rabin shanyar maƙwabta, warinsa kuwa ya hau har bene. Matar Lallashi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ta haƙura da tsohon bunsuru ɗaya duk tsawon shekarun nan, ba za ta haɗa biyu ba. Mai gida ya aiko cewa ko dabba ta fita ko masu ita. 'Ya'yansa da suka yi aure, duk wanda ya kira a cikinsu sai ya ce ɗakinsa ƙarami ne, Baba. Da gari ya waye ya mayar da shi mayanka, ya ɗaure igiyar a shinge, ya ce shi dai ba da hannunsa ba, ya koma gefe ya zauna.

Dogo da masu fiɗa biyu suka shiga kamun. Sun manta wannan ba baƙo ba ne, ya san kowane lungu fiye da manaja. Ya zille nan, ya ɓulla can, ya soki Dogo a cinya har ya zauna daɓas cikin lambatu. Aka sa sanda, aka fasa masa baki, aka karya masa ƙaho ɗaya, bai shiga ba. Tsohuwa mai wankin tumbi tana dariya har da hawaye. Dogo ya miƙe yana ɗingishi, ya hango manaja a baranda, sai ya dubi Lallashi ya ɗaga murya.

"Kawu, ashe duk shekarun nan bunsurun ne ke aikin, kai ɗan rakiya ne. In ya tafi sai mu saya maka kujera ka riƙa gadin sakata."

Aka kwashe da dariya, har manaja ya murmusa. Lallashi ya so ya gaya wa kansa cewa dukan ne ba zai iya kallo ba. Amma ba lokacin da ƙaho ya karye ya miƙe ba, lokacin da manaja ya murmusa ne.

Ya ce kowa ya ajiye sanda. Ya sa aka jawo tiyo aka wanke lungun tas. Ya tsuguna gaban Ciyaman, ya goge masa jinin baki da gefen rigarsa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa irin ta tsofaffin abokai, yana zagin Dogo da kakanninsa, har jikin dabbar ya daina rawa. Sannan ya ce a buɗe garke. Masu fiɗa suka ce ai bunsurun kaɗai ake so. Ya ce shi ya sa ku masu fiɗa ne. Dabbar da aka sa a lungu ita kaɗai ta san ita ce nama. Wanda ke da jama'a a bayansa kuwa, gani yake aiki ya zo yi.

Ciyaman ya shiga cikin tumaki, ya zagaya da ƙahonsa ɗaya, ya dubi lungu, ya tsaya. Can ƙarshe Lallashi na tsaye a wajen shinge inda ya saba tsayawa, burodi na ɗigar shayi a hannunsa. Ya yi ɗan sautin nan da leɓe. Ya kama sakata ya girgiza ta yi ƙara, don a ji yau lafiyarta ƙalau. Bunsurun ya ɗaga kai ya taho, bai tsaya a tsakiya ba, tumaki na biye. Ya iso, ya ɗora hanci a jikin 'yar ƙofa, ya jira. Lallashi ya zura hannu ta tsakanin ƙarafa, ya ba shi burodin, yana sosa masa bayan kunne, ɗaya hannun kuma a kan sakata, ya danne ta. Tumaki suka turo. Ciyaman ya gusa gaba yana tauna, yana waiwayen ƙofar, bai yi ko kuka ba, don yana ganin kuskure ne irin na ran nan, yanzu za a zo a ciro shi. Lallashi ya bi shi ta wajen shinge yana susar, har Dogo ya kama ƙahon da ya rage.

Sai wani mai fiɗa ya fara tafi, sauran suka ɗauka. Dogo ya leƙo yana goge wuƙa ya ce ya janye maganarsa, Kawu ba shi da na biyu. Manaja ya sauko da kansa ya dafa kafaɗar Lallashi, abin da bai taɓa yi ba, ya ce a ba shi cinyar bunsurun. Lallashi ya jira baƙin ciki ya zo, ya tsaya ya ba shi hanya sosai. Abin da ya zo maimakonsa wani daɗi ne, tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ya ji bakinsa na cewa ai wannan ƙaramin aiki ne, a kawo masa raƙumi ma.

Matarsa ta dafa cinyar tun la'asar, ta ƙara ruwa, ta ƙara gawayi, naman ya ƙi laushi. Ta ajiye masa kwano ta ce ko taya aka yanka, naman wace dabba ce wannan. Ya ce na wani tsohon ma'aikaci ne. Ya ja da haƙoran da suka rage masa, ya tauna, ya tauna, sannan ya ce ta miƙo gishiri.