Hakkin Wuƙar da Na Cinye a Lissafi

A lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne ɗan gidan mahauta a Garwa, ban jima da gama lise, wato makarantar sakandare, ba, inda na ɗan koyi lissafin kasuwanci. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanensa da muke kira Baffa shi ya riƙe ni, kuma fiɗa ce sana'arsa a kwata. Ba zan ɓoye muku ba, kunyar ƙarnin gidanmu nake ji. Burina in zama mai ƙiyasin kuɗin aiki, wato wanda kamfani ke kira ya faɗi nawa za a kashe kafin a sarrafa kaya, in sa farar riga, in zauna ƙarƙashin fanka.

Sai wani Alhaji ɗan kasuwa ya yi niyyar yin kilishi a leda yana aikawa shagunan Yawunde da Duwala. Mu biyu ya sa kowa ya kawo ƙiyasinsa, wanda nasa ya gamsar da shi ya samu aikin. Kilishi tsoka kawai yake ci, saboda haka kai da ƙafa da fata da sauran nama sayarwa ake yi a rage tsadar saniya. Amma a al'adarmu wuya da wani kaso na kayan ciki na masu fiɗa ne, a gidanmu hakkin wuƙa ake ce masa. Da shi matar Baffa, wadda nake kira Inna, take farfesun da take sayarwa a bakin tasha. Na san haka sarai. Da gangan na zuba wannan kason a cikin ribar Alhaji don ƙiyasina ya fi na abokin takarata sauƙi. Na samu aikin. Na kuma roƙi Baffa ya zo da mutanensa su riƙa yi mana fiɗa, ban gaya masa abin da na yi ba, ina tunanin tunda bai taɓa hana ni komai ba zan lallashe shi daga baya.

Ranar yankan farko, da suka zo ɗaukar kasonsu, mai kula da wurin ya tare su ya ce wannan yana cikin lissafin maigida. Baffa ya tambayi wane mai wayon ne ya lissafa, aka nuna ni da farar rigata. Bai ɗaga murya ba. Ya wanke wuƙarsa, ya yi dariya, ya ce wa abokansa su zo su ga ɗan boko ya ƙirga saniya har wuyanta, ya manta cewa da kuɗin wuyan aka saya masa takalmin makaranta. Ɗaya daga cikinsu ya ce gara su gudu kafin malam ya sa kukan saniyar ma a leda. Kashegari ba wanda ya zo, kuma duk mahaucin da aka tuntuɓa a gari sai ya ce yana da uzuri.

Shanun da aka kawo daga Maiganga na tsaye suna cin dusa, masu shaguna na ta waya. Alhaji ya ɗauka kwaɗayin mahauta ne, ya ce zai ɗauko wasu daga Marwa, kuma Baffa ba zai sake taka wurinsa ba. Da na yi shiru da aikina ya tsira, Baffa ya tafi da sunan makwaɗaici. Sai na same shi na ce laifina ne, ƙiyasin ƙarya na ba shi, kuma na Marwa ma ba za su yi fiɗa babu hakkin wuƙa ba. Ya zage ni tas, ya ce a kan maganata ya zuba dukiyarsa. Da ya huce ya ce in je in kawo masa na gaskiya, in ribar ba ta kai ba ya rufe wurin, ni ma in kama gabana.

Na sake lissafin da kason mahauta a ciki. Ribar ta ragu sosai. Na nemo rangwame a inda ba a cuci kowa ba, wajen sayen gyaɗa lokacin kaka da sayar da ƙashi. Alhaji ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce za a ci gaba, amma sai na dawo masa da Baffa. Na je gida na durƙusa. Baffa ya ƙi kallona. Inna ce ta ajiye mini kwanon farfesu, ta ce in ci, amma in fara lissafa ko na Alhaji ne. Nan Baffa ya kasa riƙe dariya.

Yau shekaru ke nan ina wannan aiki, har masu casar shinkafa na Yagwa da masu matsar man gyaɗa suna nemana, don an san ƙiyasina ba ya tashi a tsakiyar aiki. Ina alfahari da hakan, na kuma fi alfahari da ranar da na buɗe baki. Ga matasan da ke son wannan sana'a, ku sani rage lamba a takarda abu ne mai sauƙi, amma kafin ku rage ku tambayi tukunyar wa take tafasa da ita. Ni tawa lambar, tukunyar da ta raine ni ce.